Tarihi, Labarin Ƙasa da Gwamnati: Me Ake Koya wa Yaran Anka, Gummi da Bukkuyum?

A watan Satumba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, a ƙarƙashin minista Tunji Alausa, ta fito da sabuwar manhaja wadda ta wajabta koyar da Tarihin Nijeriya tun daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare. A babbar sakandare kuma aka gwama tarihin ƙasa da ilimin zama ɗan ƙasa da nazarin zamantakewa, aka mai da su darasi guda na dole. Masu kishin tarihi sun yi murna, kuma suna da hujja. Sai dai duk wanda ya san yadda takarda ke tasowa daga Abuja ta sauka Gusau, ta bi ta Mayanci ta shiga Anka, ta ratsa Ɗaki Takwas kafin ta kai Gummi, ya san akwai tafiya mai nisa tsakanin sanarwa da allon aji. Ko da ta iso lafiya, akwai tambayar da ta fi damuna. Wane tarihi za a koya wa ɗan Bagega? Labarin wace ƙasa za a ba ɗiyar Nasarawar Burkullu? Wace gwamnati za a bayyana wa yaron da ya ga an tashi ƙauyensu da dare, bai ga wanda ya kawo ɗauki ba?

Ya kamata a fara sanin yadda aka zo nan. Waɗanda suka yi sakandare a shekarun 1960 sun karanta Tarihi da Labarin Ƙasa a matsayin darussa biyu, kowane da malaminsa. Nazarin zamantakewa, wanda yara ke kira soshiyal, baƙo ne daga Amurka. An fara gwada shi a makarantar Aiyetoro ta ƙasar Yarbawa a 1963, taron Mombasa na 1968 ya ba shi ƙarfi a ƙasashen Afirka masu amfani da Ingilishi, daga baya Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 da tsarin 6-3-3-4 suka zaunar da shi a ƙaramar sakandare. Niyyar mai kyau ce, domin ƙasa ta fito daga yaƙin basasa, ana neman darasin da zai haɗa kan yara. A aikace kuwa sai ya haɗiye tarihi da labarin ƙasa, ya bar wa yaro ma'anar iyali da ire-iren aure da illar shaye-shaye, ana maimaita masa su shekara bayan shekara. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta 2007 ta ƙarasa aikin, tarihi ya fita daga firamare da ƙaramar sakandare a matsayin darasi mai zaman kansa. A babbar sakandare ya zama na ganin dama, yara kuma suka guje shi suka koma wa darasin Gwamnati, wanda suke ganin ya fi sauƙin ci a WAEC, ga shi kwasa-kwasan jami'a da yawa suna karɓar ɗaya a madadin ɗayan. Labarin Ƙasa shi ma ya koma na zaɓi.

A 2016, zamanin Malam Adamu Adamu, Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a dawo da tarihi. An ƙaddamar da manhajarsa a 2018. A Nuwamban 2022 aka sanar da horar da malaman tarihi 3,700, wato ɗari daga kowace jiha da Abuja. Zamfara tana da ƙananan hukumomi 14. In an raba ɗarin nan daidai wa daida, dukan makarantun Bukkuyum malami bakwai za su samu.

Yaran da suka yi makaranta a tsakanin cirewar da dawowar su ne matasan yau. Cikinsu akwai malaman firamare, akwai kansiloli, akwai askarawa, akwai masu haƙar zinare. Kuma a daidai waɗannan shekarun ne yammacin Zamfara ya gamu da manyan masifu biyu, gubar dalma da ta'addancin 'yan bindiga, waɗanda ba a fahimtar ko ɗaya daga cikinsu sai da darussan nan uku da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

A farkon 2010 agwagi suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai ƙananan yara suka biyo baya da amai da ciwon ciki da jijjiga, wasu ba sa kwana biyu. Mutane suka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, wasu suka ce sanƙarau, wasu suka ce iska. A watan Maris likitocin ƙungiyar MSF, waɗanda sa ido kan sanƙarau ya kawo su yankin, suka lura da yawan sababbin kaburburan yara. Gwajin jini ya nuna dalma ce. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi a ƙauyuka biyu ya nuna kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda. A Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Bagega ta Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru ta Bukkuyum, an yi asarar yara aƙalla 400, dubbai kuma suka tsira da guba a jini, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa har iyakar rayuwa.

Dalilin abin yana ƙarƙashin ƙafar mutanen. Ƙasar Anka da Bukkuyum tana zaune ne a kan tsofaffin duwatsu, waɗanda masana ke kira zirin duwatsun Anka, maƙwabcin zirin Maru. A cikinsu akwai jijiyoyin farin dutse masu ɗauke da zinare, kuma a wasu ramukan zinaren yana cuɗe da dutsen dalma. An daɗe ana haƙa a yankin, tun kafin Turawa da kuma zamaninsu. Abin da ya sauya shi ne tashin farashin zinare a kasuwar duniya bayan rikicin tattalin arziki na 2008. Manomi ya ga abin da zai samu a mako ya fi na damina guda. Aka riƙa kwaso dutse ana kai shi cikin gida, mata na dakawa a turmi, ana niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi, ana shanya garin a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Bankunan Amurka sun durƙushe, ƙurar ta sauka a tsakar gidan Dareta. In malamin Labarin Ƙasa yana neman misalin yadda kasuwar duniya da dutsen ƙasa da lafiyar jama'a suke a ɗaure da juna, ba zai samu wanda ya kai wannan ba a duk faɗin Nijeriya.

To, me yaron yankin yake karantawa? Yana haddace cewa duwatsu iri uku ne, yana rubuta sunayensu da Ingilishi. Yana haddace kuza a Jos, kwal a Inugu, tama a Itakpe, man fetur a Neja Dalta. Duk gaskiya ne, kuma dole ya san su. Amma da wuya ka ji an ɗauko dutse daga Bagega an aza a teburin malami an ce, wannan shi ne mai zinare, wannan mai walƙiya da nauyi shi ne mai dalma, ga abin da ƙurarsa ke yi wa jinin jariri, ga dalilin da ya sa niƙa shi da ruwa ya fi niƙa shi a bushe, ga dalilin da ya sa mai haƙa zai wanke jikinsa ya sauya tufafi kafin ya shiga gida. Ba ina cewa darasi kaɗai zai hana abin da talauci ya tura mutane gare shi ba. Amma da a kowane ƙauye akwai ɗan sakandare biyu ko uku da suka san alaƙar mutuwar agwagi da ƙurar injin, da an rage kaburbura. Maganar kuma ba ta wuce ba. A 2015 irin wannan ta auku a Shikira ta Jihar Neja. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disamban 2024. Yaran da ke aji a yau su ne masu shiga ramukan gobe.

Haka zancen gulbi. Gulbin Zamfara shi ne ya ɗinke ƙananan hukumomin nan uku, ya bi ta Anka da Bukkuyum da Gummi ya faɗa Jihar Kebbi. Shi ke ba da fadama da kifi da noman rani, shi ne kuma ya ci gidaje masu yawa a Gummi a daminar 2024, a watan Satumban 2024 ɗin kuma kwalekwale ya kife da manoma masu tsallakawa gonakinsu, aka rasa rayuka da dama. A jarrabawar Labarin Ƙasa akwai karatun taswira, inda ake ba yaro taswirar wani yanki ya gane tudu da kwari da inda ruwa ke gangarawa. Yaro yakan koyi wannan a kan taswirar garin da bai taɓa jin sunansa ba, in ma makarantar tana da taswirar ke nan. Alhali a yau malami mai wayar hannu zai iya buɗo hoton tauraron ɗan Adam na Gummi, ya nuna wa yara tsohuwar hanyar ruwa, ya nuna musu unguwannin da aka gina a kanta, ya sa su zana. Yaron da ya iya karanta taswirar garinsu, ta kowane gari ba za ta gagare shi a WAEC ba.

Daji ma darasi ne. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta tanadi keɓe filayen kiwo, ga burtali da mashaya da kowa ya san iyakarsu. Yawan jama'a ya ƙaru, gonaki suka ci burtali, aka yanka wa masu hali manyan filaye a dazuzzukan da aka keɓe, ruwan sama ya ƙi tsayawa a kan lokacinsa. Wannan ba ya wanke ɗan bindiga ko ɗaya, domin wanda ya kashe rai ya kashe rai. Amma yaron da bai san yadda dajin Gando da na Sunke suka tashi daga wurin kiwo da farauta suka koma maɓoya ba, bayani ɗaya zai rage masa, wato cewa wata ƙabila ce muguwa tun asali. A farkon Janairun 2022 an kashe mutane a ƙauyukan Anka da Bukkuyum cikin kwana uku, gwamnati ta ce 58, mazauna suka ce sun kai 200. Akwai yaran da suka ga wannan da idonsu, yanzu suna babbar sakandare, ana koya musu ciyayin yankin Bahar Rum.

Daga nan zance yake faɗawa cikin darasin Gwamnati ko an so ko ba a so ba, domin tambayar farko da mai hankali zai yi ita ce, zinaren na wane ne? Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya ce dukan ma'adinai na Gwamnatin Tarayya ne, ita ke ba da lasisi daga Abuja. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kanta a hannun gwamna. Gonar da ke saman ramin ta manomi ce ta gado, hakimi da dagaci su ne shaidunsa. Sashe na 214 kuma ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasa, don haka gwamnan da ake kira babban jami'in tsaron jiha ba shi ke da kalmar ƙarshe a kan kwamishinan 'yan sanda ba, abin da ya sa jihar ta kafa askarawanta a Janairun 2024. Rami guda a Bagega ya tara duk abin da littafi ke kira tsarin tarayya da rabon iko. Yaro ya haddace tsarin mulkin Clifford na 1922 da na Richards na 1946 da na Macpherson na 1951 da na Lyttelton na 1954, ya zayyano alfanu biyar da illoli biyar na kowane, amma ka tambaye shi wa ya kamata ya kai wa kuka a kan rijiyar da ta gurɓata, sai ya yi shiru.

Bagega tana da amsar. An share ƙauyuka bakwai daga gurɓatacciyar ƙasa tun 2010 zuwa 2011, Bagega mafi girma ta zauna tana jira, likitoci kuma ba sa iya ba yara magani matuƙar za su koma cikin ƙurar. Sai wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka bi sawun kuɗin da aka yi alkawari, suka tayar da gangami a intanet, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka sa baki, 'yan majalisa suka je suka gani. A farkon 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin, aka share garin a cikin shekarar. Kasafin kuɗi, aikin sa ido na majalisa, matsin lambar jama'a, 'yancin faɗin albarkacin baki, duk babi-babi ne a manhajar Gwamnati, kuma duk sun faru a ƙasar Anka.

Zamfara ta zama wurin da manyan tambayoyin tsarin mulkin Nijeriya ke zuwa a gwada su. A Gusau Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoban 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, ƙasa duka ta shiga muhawara a kan iyakar ikon jiha. Ranar 24 ga Mayu, 2019 Kotun Ƙoli ta soke dukan ƙuri'un APC a jihar saboda rashin sahihin zaɓen fid da gwani, Bello Matawalle ya zama gwamna, 'yan majalisa suka sauya a rana ɗaya. A 2023 masu zaɓe suka kayar da gwamna mai ci suka kawo Dauda Lawal. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma ya dace ɗan sakandaren Bukkuyum ya iya neman adadin abin da aka turo wa ƙaramar hukumarsu a wata, ya kwatanta da abin da idonsa ke gani. Sarkin Mafaran Gummi, Mai shari'a Lawal Hassan Gummi, ya bar kujerar babban alƙalin babbar kotun Abuja a 2013 ya zo ya hau gadon gidansu, a ƙarƙashin tsarin mulkin da bai ba sarakuna wani aiki a rubuce ba, alhali su ake fara bugawa waya in an shiga ƙauye. Shin wannan daidai ne? Tambaya ce da aji uku na babbar sakandare zai iya kwana yana muhawara a kanta, kuma zai fi amfana da hakan a kan kwafar allo.

Tarihi shi ne inda rashin ya fi ciwo. Ɗan Anka yakan fara cin karo da sunan ƙasarsa a littafin makaranta ne a cikin labarin Bayajida, inda aka jera Zamfara a cikin Banza Bakwai. Daga nan sai a tsallaka zuwa jihadin 1804, sai zuwan Turawa Sakkwato a 1903. Tun a 1970 Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya nuna cewa labarin Bayajida ba ya bayyana yadda daulolin Hausa suka kafu, amma littattafan makaranta ba su daina jera shi kamar tabbataccen abu ba. Yaro kuwa yana wucewa kullum ta ƙofar fadar Sarkin Zamfara, shugaban majalisar sarakunan jihar, bai san me ya kawo wannan sarauta Anka ba.

Labarin kuwa mai girma ne. Zamfarawa sun fara kafa mulki a Dutsi, a ƙasar Zurmi ta yau, inda ruwayar baka ke ambaton sarauniya 'Yargoje. Daga baya suka gina Birnin Zamfara a arewa, daular ta yi ƙarfin da take karawa da Kabi da Katsina. Gobirawa sun shigo ƙasar ne a matsayin baƙi, aka ba su wurin zama, suka yi ƙarfi, har Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a farkon shekarun 1760 ya mai da Alkalawa babban birninsa. Gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura, ya zauna Kiyawa, ya zauna Sabon Gari, kafin ya tabbata a Anka cikin ƙarni na 19. Wato gidan da ya fi kowane daraja a jihar shi ma ya san gudun hijira. Ina ganin yaron da ke kwana a sansanin 'yan gudun hijira na Anka yana da haƙƙin ya san wannan.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, ya zauna Faru, ya kai har Zauma. Ƙaninsa Abdullahi ya ba da labarin wannan zama a Tazyinul Waraƙati. Bayan yaƙin Tsuntsuwa, da yunwa ta matsa wa jama'ar Shehu, Zamfara suka nufo, suka sauka Sabon Gari a 1805, daga nan aka fita yaƙin da ya ci Birnin Kabi. Zamfarawa da yawa sun karɓe su, wasu don addini, wasu don tsohuwar gaba da Gobir. Daga baya dangantakar ta yi tsami a wurare da dama saboda yadda mayaƙa ke ɗibar abincin mutane. A ƙarni na 20 kuma Gummi ta haifi Shehu Abubakar Mahmud Gumi, babban alƙalin alƙalan Jihar Arewa, mai tarjamar Alƙur'ani zuwa Hausa, wanda aka ba lambar Sarki Faisal a 1987. Ya koyar a kwalejin horon malamai ta Maru tare da Malam Aminu Kano, wanda daga Maru ɗin ya ajiye aikin koyarwa a 1950 ya rungumi siyasar NEPU. Yaro yana karanta NEPU a darasin Gwamnati kamar abin Kano zalla, bai san akwai sawun ƙasarsu a ciki ba.

Akwai masu tsoron wannan, kuma ba na raina tsoronsu. Suna cewa a lokacin da jini ke zuba tsakanin manomi da makiyayi, tono labarin wa ya ci wa da yaƙi zai ƙara wa wutar fetur ne. Malami marar zurfin sani zai iya mai da darasin jihadi ya koma Hausa da Fulani, ya raba ajinsa biyu. Haɗarin gaskiya ne. Amma shirun makaranta bai hana yara jin tarihi ba, ya dai bar su da wanda ake turo musu ta waya, na masu murya mai zafi da ba su taɓa buɗe littafin Infaƙul Maisuri ba. Tarihin da ke rubuce ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma sarƙaƙiyar ce maganin. Abdussalami na Gimbana, wanda harin da aka kai wa jama'arsa yana cikin musabbabin hijirar Shehu, Ba'are ne, ba Bafulatani ba, kuma daga baya ya saɓa da Muhammadu Bello. Akwai Fulanin da suka tsaya wa Gobir. Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa ya soki mutanensu da ya ga sun karkata ga duniya. Yaron da aka nuna wa wannan zai yi wuyar yarda cewa duniya gida biyu ce tun fil azal. Kuma tarihin yankin dole ya ƙunshi ruga da burtali da jangali, yadda ɗan makiyayi in ya zauna a ajin zai ji an ambaci kakanninsa a matsayin mutanen ƙasar. An kafa hukumar ilimin makiyaya tun 1989, amma yaran dajin yammacin Zamfara da yawa ba su taɓa ganin allo ba, kuma kowa ya ga wanda ya riga makaranta isa gare su.

Matsalar kayan aiki ta fi ta tsoro sauƙin magani, sai dai ba a taɓa ta ba. Bajamushe Kurt Krieger ya zauna Anka ya tattara ruwayoyin sarautar Zamfara, ya buga littafinsa a Berlin a 1959, da Jamusanci. Garba Nadama, wanda ya zama gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato daga 1981 zuwa 1983, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan tashi da faɗuwar daular Zamfara a Zariya a 1977. Rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta a kan gundumomin Lardin Sakkwato suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna. Ilimin yana nan, an kulle shi ne a inda malamin Gwashi ko Gayari ba zai kai ba. Abin da ake bukata ƙaramin littafi ne, Hausa a shafi ɗaya Ingilishi a ɗayan, mai taswirar kowace ƙaramar hukuma da tarihin manyan garuruwanta da bayanin duwatsu da gulabe da tsarin mulkinta. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Ilimi ta Maru suna da mutanen da za su rubuta shi cikin shekara guda. Na ce Hausa da gangan. Da Ingilishi za a yi jarrabawa, babu makawa, amma yaron da bai gane abu da harshen da yake tunani da shi ba, haddar sauti kawai yake yi, tana ƙarewa ranar da aka fito daga zauren jarrabawa.

Sai malami. An saba ɗaukar darussan nan a matsayin waɗanda kowa zai iya koyarwa, a miƙa wa wanda jadawalinsa bai cika ba ko ɗan bautar ƙasa da zai tafi bayan shekara, alhali ba a yi wa lissafi haka. Iyaye ma suna da hannu, domin yaro mai ƙoƙari ajin kimiyya ake tura shi ya zama likita, wanda aka ga bai kai ba shi ake bar wa tarihi da gwamnati. Daga wannan ajin da aka raina ne kuwa alƙalai da lauyoyi da shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan jarida suke fitowa. Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. Bayan sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, da na Kaya ta Maradun a Satumban 2021 ɗin, an rufe makarantu na tsawon watanni, malamai da yawa suka tattara suka koma manyan garuruwa. Ba mai hankalin da zai ce a kwashi yara a kai su ramin zinare ko bakin daji da sunan nazarin fili.

Amma filin ya zo gari da ƙafarsa. Tsofaffin ƙauyukan da aka tasa suna cikin Anka da Gummi da Bukkuyum, a sansani ko a gidajen dangi. Su suka san wanda ya sari ƙauyensu, da inda burtali ya bi, da shekarar da gulbi ya sauya hanya, da yadda ake sasanta ɓarnar gona kafin bindiga ta shigo. In suka rasu a gudun hijira, wasu garuruwan ko sunansu ba zai saura ba. Malami zai iya raba ajinsa ƙungiya-ƙungiya, kowace ta zauna da dattijo ɗaya ko tsohuwa ɗaya, ta naɗi muryarsu a waya, ta rubuta, ta zana taswirar ƙauyen yadda suka siffanta shi, sannan ta kwatanta ruwayar wannan da ta wancan ta ga inda suka saɓa. Wannan shi ne ainihin aikin masanin tarihi, kuma kuɗinsa bai wuce na littafin rubutu da cajin waya ba.

Saura jarrabawa, wadda ita ce ke juya akalar malami da ɗalibi. Abin da ba ya fitowa a takarda ba a koyar da shi, kuma Zamfara ba ta da ikon sauya tambayoyin WAEC ko NECO. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwamban 2023, an gyara gine-gine, an biya bashin hukumomin jarrabawa da ya sa aka riƙe sakamakon yara. Waɗannan sun zama dole. Akwai kuma abin da ke hannun Gusau wanda bai kai su tsada ba. Jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta makarantun jiha ma'aikatar ilimi ta jiha ce ke shirya ta, makin gwajin cikin zango kuma makaranta ce ke bayarwa. Ma'aikatar za ta iya ware kaso na tambayoyin tarihi da nazarin zamantakewa ga Zamfara da ƙaramar hukumar ɗalibi, ta kuma sa aikin tattara tarihin baka ya zama sharaɗin samun makin zango a aji biyu. Da zarar an sanar cewa Birnin Zamfara da gubar dalma da Gulbin Zamfara za su fito a jarrabawar aji uku, shugabannin makarantu da kansu za su fara neman littafin da malamin da ya iya koyar da shi.